Abin da Boram Ta Rubuta a Kaina

Lahadi, 28 ga Agusta

Littafi biyu gare ni. Ɗaya na Malama ne a ajin yaƙi da jahilci, layi uku kullum: yau an yi rana, na sayar da kifi, na gaji. Wannan kuwa ba mai ganinsa. A rumfa yake kwana, ƙarƙashin kwalin ganyen teku.

Yau 'yata Boram ta hana ni cin abinci. Lahadi ce kaɗai muke karyawa tare, sauran kwanaki makaranta ta cinye ta. Shekarar ƙarshe take a sakandare. Nan da mako uku za ta tura takardun neman jami'a, a ciki har da wadda suke kira takardar gabatar da kai. Yaro ya ba da labarin kansa, malaman jami'a su karanta su ga ko suna son sa. Malanta take so ta karanta. Malam Gu, malamin ajinsu, ya ce makinta a bakin gaɓa yake, takardar nan ce za ta tura ta ciki ko ta bar ta a waje.

Ta ajiye cokali ta ce, "Umma, labarinki nake so in rubuta."

Na ce labarina na me, na busasshen kifi?

"Na karatu."

Na ture kwanon miyar gefe. Shekarata hamsin da ɗaya, shekara uku ke nan da na fara gane harafi. A duk garinmu Mokpo, ban da 'yan ajinmu, ba wanda ya sani sai ita da babanta. Shekara ashirin ina rumfar nan, duk wanda ya miƙo mini biro sai in ce hannuna da gishiri, rubuta mini. Ba wanda ya taɓa zargi.

Na ce a'a. Ta ce ai malaman jami'a ba su san ni ba. Na ce Malam Gu fa? Shi ke duba na kowa kafin a tura. Matarsa kuma duk Asabar wajena take sayen ƙananan kifin miya, kuma bakinta ba ya da murfi. In ta ji, layin busasshen kifi ya ji. In layin ya ji, gari ya ji.

"To in rubuta me, Umma?"

Na ce ki rubuta abin da 'ya'yan mutane ke rubutawa.

Ta kwashe kwanonin ba ta dube ni ba.

Talata, 30 ga Agusta

Aji. Kamar kullum na ce wa maƙwabtan rumfa zan je wajen mai allura saboda ciwon baya, na hau bas na wuce unguwa uku. Mu goma sha biyu ne, duk sun haife ni. Auta suke kirana.

Kaka Okbun, mai shekara saba'in da tara, ta ga fuskata ta ce, "Auta, kifin ne ya ruɓe ko mijin?" Na gaya mata kaɗan. Ita an liƙa rubutunta a bangon zaure har da hotonta, tana washe baki ba haƙori. Ta ce, "Ni da ƙafata ɗaya tana rami, kunyar wa zan ji? Ke ce abin tausayi, kina da sauran shekara talatin na ɓoye-ɓoye. Sannu da aiki."

Na yi dariya don kada ta ga ta same ni.

Su tsofaffin nan suna da hujja. Yaƙi, yunwa. Ni fa? Sa'annina duk sun yi makaranta. Ni ce dai aka sauko da ni daga tsibirinmu ina da shekara tara, aka kai ni aikin gida a birni, saboda ƙanne biyar. In na faɗa sai a dube ni kamar na fito daga wani zamani.

Alhamis, 1 ga Satumba

Na tashi dafa shinkafa na tarar da takarda biyu a kan murfin tukunya, an buga da inji. A sama ta rubuta da manyan haruffa, irin waɗanda take yi mini: "Ki karanta kafin ki hana. Yanzu ai kin iya."

Ashe ta riga ta rubuta. Izini kawai take nema.

Na ninke na sa a aljihun rigar aiki.

Asabar, 3 ga Satumba

Matar Malam Gu ta zo. Tana tona kifi tana zuba. Wai wasu iyayen har Seoul suke kai takardar 'ya'yansu a gyara musu, wai wata uwa da kanta ta zauna ta rubuta wa ɗanta, mijinta ya gane tun daga layin farko.

"Ke Maman Boram, kin duba mata nata?"

Na ce na duba.

"Ai dole. Idon uwa daban ne."

Na ƙara mata gyara don ta tafi.

Lahadi, 4 ga Satumba

Boram ta rubuta wata. A kan yadda suke jera littattafai a ɗakin karatun makaranta, ta koyi haƙuri da haɗin kai. Ta nuna wa Malam Gu shekaranjiya. Na tambaye ta me ya ce, ta ce ba komai. Sai da babanta ya matsa ta faɗa: wai yara ɗari za su iya sa sunansu a ƙarƙashin wannan ba wanda zai ce ƙarya ne. Wai ya kira ta da cikakken suna ya tambaye ta, "Tak Boram, shekara goma sha takwas ba abin da ya taɓa samunki?"

Da ta shiga ɗaki Baban Boram ya ce, "Ki bar yarinya ta rubuta mana. Wa zai kashe ki?"

Na ce kai da ka yi aji tara ai sai ka faɗi haka.

"Ni a haka na aure ki, kin ga na mutu?"

Shi ke nan tausasawarsa. Ya ɗauki hularsa ya tafi jirgin ruwa, aikin yamma gare shi.

Ban gaya masa ba, amma har yayarsa nake tsoro. Shekara ashirin da biyu tana kallona a matsayin wadda ba ta kai ba. In ta sami wannan.

Talata, 6 ga Satumba

Takardar tana aljihuna. Ta fara warin kifi.

Alhamis, 8 ga Satumba

An yi ruwa, kasuwa ba mutane. Na shimfiɗa ta a bayan sikeli na fara. Haruffan inji ƙanana ne, sai da na bi da farce. Wasu kalmomin ban san su ba, na tsallake. Rabin shafi na yi kafin kaina ya ɗau zafi.

Ta fara da hatimina. Wai tun tana aji ɗaya a firamare, duk takardar da aka bayar a makaranta ita ke karanta mini, ni kuma in buga hatimi a inda ta ɗora yatsa. Takardar wuta, takardar asibiti, sunan magani. Ta rubuta, "Tun ina da shekara bakwai ni ce idon mahaifiyata."

Duk gaskiya ne. Abin da ya sa ya fi zafi ke nan. Na tuna ta a tsaye kan kujera a kicin, haƙoran gaba sun faɗi, tana karanta mini gargaɗin da ke jikin kwalbar maganin ɓera. Ni a lokacin alfahari nake yi. Ban taɓa tunanin nauyi ba ne.

Mai sayen jatan lande ta zo, na rufe takardar da leda kamar wadda aka kama da sata.

Juma'a, 9 ga Satumba

Ba labarina ba ne. Kwana goma sha biyu ina fushi a kan abin da ban karanta ba.

Na zaci za ta ce uwata ba ta iya karatu ba, na taimake ta, ga ni yarinyar kirki. Ba haka ta rubuta ba. Laifin kanta ta rubuta.

Tana aji huɗu aka ba su takardar gayyata, ranar da iyaye ke zuwa su tsaya a bayan aji su kalli darasi. Ta san a bakin ƙofa akwai littafi da kowace uwa ke rubuta sunanta, a ƙarshe kuma a raba wa iyaye takarda su rubuta abin da suka gani. Ta kawo mini gayyatar, ta tsaya a gabana, ta karanta mini wani abu dabam. Wai ranar Alhamis za a share filin makaranta, kowane yaro ya zo da safar hannu. Na buga hatimi. Na ba ta safar hannu.

Ranar, in ji ta, uwaye talatin da ɗaya suka tsaya a bayan aji. Ta yi ta waiwaye duk da ta san ba zan zo ba. Ta amsa tambaya uku daidai, ba wanda ya zo dominta.

"Ba don in kare ta na yi ba. Kunyarta na ji. Na sace wa mahaifiyata wannan rana, kuma har yau ba ta san an yi mata sata ba."

Nan na tsaya. Na shiga bayan gida na kasuwa na kunna famfo.

Asabar, 10 ga Satumba

Na gama. Ƙarshen a kan malanta ne, wai tana so ta zama malamar da za ta gane yaron da ke karanta wa gidansu takarda. Yana da kyau. Ni da ban san komai ba ma na san yana da kyau, ya fi na jera littattafai nesa ba kusa ba.

Yanzu abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, ko Baban Boram.

Na sani.

Tun ranar na sani. Ai ba a jeji nake ba. Mai rumfar kusa da ni a lokacin ɗanta ajinsu ɗaya da Boram. Da safen nan ta zo da jan baki da takalmi mai tsini, ta rufe rumfa ta ce, "Maman Boram, ba za ki je ba? Ƙarfe goma ne fa." Nan take na gane abin da yarinyar ta yi. Na ce bayana ne ya riƙe.

Kuma daɗi na ji. Wannan ne abin. Kamar an sauke mini dutse. Shekara uku kafin nan ina zuwa, ina ɗaure hannun dama da tsumma in ce wuƙa ta yanke ni, har wata malama ta ce kullum ke a yanke. Na gaji. Da yarinyar ta yi ƙarya sai na karɓe da hannu biyu. Da ta dawo na saya mata soyayyar kaza, na tambaye ta ya shara, ta ce lafiya. Ba ta ci kazar ba.

Ni ba na zubar da takarda. Wanda bai iya karatu ba bai san wacce ce mai muhimmanci ba, don haka duk na tara su a kwalayen kifi a saman kabad, na shekara goma sha biyu. Da na koma gida na sauke. Na same ta. A ƙasa akwai wuri biyu, zan zo, ba zan zo ba. An zagaye na biyun da fensir, zagayen yaro, bai haɗu ba. Ga jan hatimina a gefe, a miƙe, an buga shi da kyau.

Shekara takwas tana ɗauke da wannan ita kaɗai.

Lahadi, 11 ga Satumba

Muna karyawa jini ya zubo mata ta hanci, rashin barci. Tana riƙe da tsumma ta ce, "Umma, kin karanta?"

Na ce ban sami lokaci ba, kin san kasuwar gab da biki.

Ta ce ba komai, ta kusa gyara ɗayar.

Ƙarya a kan ƙarya. Wace irin uwa ce ni.

Talata, 13 ga Satumba

Jibi Cusok, bikin girbi, kasuwa ta cika maƙil, amma na bar wa maƙwabciya rumfa na je aji don in ga Kaka Okbun. Na gaya mata duka a matakala. Na zaci za ta yi mini tsiya kamar kullum. Ba ta yi ba. Ta daɗe tana gyara sandarta.

"Auta, kin ɗora wa 'yar shekara goma kayan da ya fi ƙarfin wuyanki."

Na ce na sani.

"To ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Je ki karɓi kayanki."

Laraba, 14 ga Satumba

Ba makaranta. Mun shimfiɗa jaridu a tsakar ɗaki muna soya wainar biki, ni ina tsoma kifi da kabewa a gari da ƙwai, Boram tana juyawa. Na zaɓi lokacin ne don ba sai mun kalli juna ba.

Na ce na karanta.

Ba ta ɗago ba. "Duka?"

Na ce kwana uku na yi, amma duka.

Ta ce, "Umma, ki yafe mini." Muryarta ta fara rawa. Na ce tsaya, kada ki yi kuka tukuna, akwai kuskure a ciki. Inda kika ce ban sani ba. Sai na gaya mata. Jan bakin maƙwabciya, ƙarfe goma, ciwon baya. Har daɗin da na ji, ban rage ba.

Wainar ta ƙone ba wanda ya taɓa ta.

"Kin sani?"

Na ce e.

"Kika ba ni safar hannu?"

Ai ba lokacin da na ba ki na gane ba, sai da safen Alhamis ɗin, na ce. Kamar wannan zai rage wani abu.

"Kika tambaye ni ya shara? Umma! Na yi amai a bayan gida ranar nan, kin sani? Duk shekara in ranar ta zagayo cikina ciwo yake. Da kika fara zuwa aji, wata uku ban yi barcin kirki ba, ina tsoron ki sauke kwalayen nan."

Na ce ki zage ni, na cancanta.

Ta tashi ta shige ɗaki ta bugo ƙofa. Na ci gaba da suya ni kaɗai, hayaƙi na shiga idona. Tire biyu na gama kafin ta fito, fuska a kumbure. Ta zauna ta ƙwace abin juyawar daga hannuna.

"Kina ƙona su. Gwaggo za ta samu abin faɗa."

Can ta ce, "Kin dai ɓata mini rubutu. Mako ɗaya ya rage, kin zo kin rushe tsakiyar."

Na ce ba kin ce kin kusa gyara ɗayar ba?

"Waccan ko ni ba zan ɗauki kaina da ita ba."

Sai dariya ta kuɓuce mata, hanci yana zuba. Ni ban iya dariyar ba. Na dai sa mata waina mai zafi a baki.

Ban ce na yarda ba. Ita ma ba ta tambaya ba.

Alhamis, 15 ga Satumba

Mun yi gaisuwar kakanni da suka rasu, an ci an sha. Gwaggon Boram ta ce wainar ta yi duhu. Ta tambayi zancen jami'a sau huɗu, ta ce ɗiyarta lokacin nata ita ta zauna ta duba mata kalma bayan kalma. Ta juyo gare ni, "Ke fa, uwar gida, kina dubawa ko sai kifi?"

Boram ta ce, "Umma ta duba. Har kuskure ta gano."

Na shige kicin.

Lahadi, 18 ga Satumba

Ta sake rubutawa. Wannan karon a hannu ta ba ni, ta zauna tana jira, ban da damar gudu. Ta sa abin da na gaya mata. Mu biyu muna yi wa juna ƙarya a kan takarda ɗaya, kowa yana zaton shi kaɗai ne ɓarawo. Ta sa har aikin gida ina da shekara tara, layi ɗaya. Na ce cire daɗin da na ji. Ta ce shi ne ƙashin bayan.

"Umma, in kin ce a'a zan tura na littattafai, kuma ba zan sake tayar da maganar ba. Amma gobe ne ƙarshen nuna wa Malam."

Na dubi wuyanta, ya rame kamar na kaza. Na yi tunanin layin busasshen kifi. Mai kifin gishiri da dariyarta, mai barkono da na taɓa gyara wa lissafi da ka ta ce ai ni ba a cuta ta. Gwaggo.

Na ce ki kai. Amma ni zan fara zuwa. Ba zai ji daga takarda ba.

Na yini ina rubuta wa Malam wasiƙa, don na san in na tsaya a gabansa bakina zai mutu. Sau biyar na yaga. Boram ta ce ta duba mini, na hana.

Litinin, 19 ga Satumba

Na sa rigar da nake zuwa biki da ita. Na wanke hannu da lemun tsami sau biyu, warin bai fita ba.

A ƙofar makaranta mai gadi ya turo mini littafin baƙi da biro. Hannuna ya yi baya da kansa, har na buɗe baki. Sai na karɓa. Na rubuta sunana: Yom Jomsuk. Na daɗe. Mai gadin yana kallon wayarsa, bai ma san an yi wani abu ba.

Ɗakin malamai cike da tebura da yara a tsaye riƙe da takardu. Malam Gu ya miƙe ya rusuna, ya ja mini kujera. "Maman Boram, lafiya dai? Ba ma ganinki." Na miƙa masa wasiƙar da hannu biyu. Ga abin da ke ciki, na haddace:

"Malam, ni ce mahaifiyar Tak Boram. Shekara goma sha biyu tana makaranta, wannan ce wasiƙa ta farko da na rubuta wa malaminta, saboda da ban iya ba. Abin da ta rubuta gaskiya ne. Na yarda ta tura. In akwai laifi a ciki nawa ne, kada a rage mata maki."

Ya karanta. Ya sake karantawa. Kunnuwana kamar an sa musu wuta, ina kallon igiyar takalminsa. Sai ya ninke ta a hankali ya ce ko zai iya riƙewa. Na ce rubutun ba kyau. Ya ce na yaran ajinsa rabi bai kai wannan ba, ƙila don ya faranta mini ne.

Ya aika aka kira Boram. Ya karanta nata a gabanmu da jan biro a hannu har ƙarshe. Ya cire tabarau ya murza ido.

"Tak Boram, wannan kika ɓoye kika kawo mini jera littattafai?" Sai ya buga mata takardar a ka. "Ya wuce iyaka da harafi ɗari biyu. Ki rage. Kada ki taɓa safar hannun."

Da zai raka ni ya ce ba zai yi mini alkawarin za a ɗauke ta ba, masu nema suna da yawa. Amma in an kira ta ganawa, a kan wannan za su yi mata tambayoyi, ta shirya.

Na zo da niyyar in roƙe shi kada ya gaya wa matarsa. Tun a bas nake maimaita yadda zan faɗa. Har na fito titi ban faɗa ba. Ban san ko mantawa na yi ba.

Laraba, 21 ga Satumba

Saƙon Boram ya shigo wayata da rana: "Takardar ta tafi." Yanzu wasu mutane a wani gari da ban taɓa zuwa ba za su zauna su karanta ni. Na kasa cin abinci. Na auna wa wata mata kifi sau biyu.

Juma'a, 23 ga Satumba

Gobe Asabar. Na ce wa Baban Boram ina jin zazzaɓi, ƙila ba zan fita ba. Ya taɓa goshina ya ce zazzaɓin matsorata ne.

Asabar, 24 ga Satumba

Na fita.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya na hango matar Malam Gu daga kan layi da jakarta mai taya. Na gyara tsayuwa, na ce to, abin da zai zo ya zo.

"Maman Boram, an yi biki lafiya? Kai, kifin bana ƙanana ne." Ta tona, ta shinshina, ta yi ƙorafin tsada. Ta ba ni labarin surukarta da ta kwanta asibiti, da mijinta da bai dawo gida da wuri ba duk makon nan saboda takardun yara. "Wai akwai wata da ta sa shi ya kasa cin abinci. Na ce ta wa? Ya ce ba ruwana. Ji mutum fa!"

Ina kallon idonta. Ba komai a ciki. Ba ta sani ba.

Mutumin kirki ne. Na tsira, layin bai ji ba, Gwaggo ba za ta ji ba. Abin da nake so ke nan tun farko.

Na ɗaure mata kifin a hankali. Na kwance na sake ɗaurewa. Na tambaye ta ko ba ta son ganyen teku, ta ce tana da shi. Ta tafi tana jan jakarta.

Ban san me ya sa na fito daga rumfa na tsaya a tsakiyar layi ba. Mai barkono ta ce, "Maman Boram, canji ta manta ne?" Na ce a'a.

Wata Asabar ɗin ai za ta dawo, ƙila in gaya mata da bakina.